Ranar da Na Raka Auta Sayen Ƙwaƙwalwa

Faɗa mafi muni da na taɓa yi da Auta, a gidan wasan kwamfuta na yi shi, a gaban 'ya'yan mutane. Gidan yana ƙasan benenmu, tsakanin mai aski da mai sayar da magani, ɗaki ne mai duhu ko da rana tsaka, sai warin gumi da na waya mai zafi. Na sauko sayen man gwiwa ne, sai na jiyo muryar ɗana daga ciki yana ihu, "Ta hagu! Ku tare shi ta hagu!" Na ɗaga labule. Ga shi nan zaune, mai gemu, mai mata, ya doshi arba'in, ya kifa wasu abubuwa a kunnuwa kamar marfin tukunya, yana harbin mutanen da babu su.

Na ɗage marfi ɗaya na ce, "Sannu da fama, soja."

"Inna, aiki nake yi fa."

"Na gani. Nawa ka kashe? In je in ce wa matarka ta ɗora tukunya?"

Yara suka kwashe da dariya. Mai gidan wasan, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda suke kira Kyaftin ko da yake ko kwalekwale bai taɓa tuƙawa ba, ya taso yana cewa Mama a yi haƙuri. Na ce ya koma ya zauna, nasa rabon yana tafe.

"Wallahi aikin yana sama, yana fita," in ji Auta. "Ba na iya taɓa injin sai ya gama."

"Aiki yana sama, ma'aikaci yana ƙasa. Bari ni ma in je in kwanta, in ce wankina yana wanke kansa."

Daga nan bakina ya kama hanya. Na ce na haifi biyar, huɗu sun zama mutane, na biyar ya zama matashin kujera. Na ce matarsa tana tsaye a asibiti tun safe tana ɗaure wa mutane ciwo, shi kuwa babban yatsansa ne kaɗai ke zufa. Ya ajiye marafan kunnen, ya wuce ni ya hau sama, ya yi kwana da kwanaki ba ya cin abin da na dafa.

Shi Auta a makare ya zo, bayan na riga na raba kayan jarirai. Tun yana rarrafe ba shi da hayaniya, amma kada ka bar almakashi kusa da shi. Jaridar da aka naɗo mana kaya, zai zauna ya yanke hotunan ciki, ya ɗauki kan wannan ya liƙa a jikin wancan. Ranar da ya yanke kan babban wansa daga hoton makaranta ya ɗora a wuyan jaki, ya sha duka a hannun ubansu, Allah ya jiƙansa. Amma da yara suka fita, uban ya ɗauko hoton ya sa tabarau yana neman inda aka haɗa, bai gani ba. Ya yi dariya har da tari.

Karatu bai karɓe shi sosai ba. Ya kama aiki wurin wani mai ɗaukar hoto, ya yi shekaru a bayan labule yana gyara fuskokin mutane: a cire wa wannan ƙurji, a buɗe wa wancan idon da ya ƙifta. Da waya ta shigo kowa ya zama mai hoton kansa, shagon ya rufe. Auta ya sayi tsohuwar kwamfuta, baƙin akwati mai tsayin gwiwa, ya koya wa kansa haɗa bidiyo. Masu shaguna suna kawo masa talla, wani ƙaramin asibiti ya ba shi aikin wayar da kai, wata makaranta kuma ta ba shi darussan yara, masu zane mai motsi. A ɗakin ƙarshen baranda yake aikin, a gidana, shi da matarsa, don ban yarda a bar ni da bango huɗu ba.

Bayan faɗan nan gwiwa ta zaunar da ni. Likita ya hana ni hawa da sauka, sai aka ajiye min kujera a baranda inda iska ke wucewa, kuma kujerar tana kallon ƙofar Auta. Ba leƙe nake yi ba, ƙofar ce ba ta rufuwa. Tsohuwar da ba ta da abin yi kuwa, ko ƙuda ya wuce sai ta san inda za shi.

Ga abin da na gani. Da safe yakan zauna gaban allon, ya sunkuya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Na ga ya kwashe safiya guda yana daidaita bakin wata 'yar tsana da muryar da aka ɗauka, ya matsa gaba, ya dawo baya, ya matsa, ya dawo, har kalmar ta zauna a leɓenta. A lokacin ko gobara ka kira ba zai ji ba. Shayi ya huce, ƙuda ya yi wanka a ciki. In ya gama, sai ya danna wani wuri, wani siririn layi ya fito a allon ya fara rarrafe. Nan akwatin zai ɗauki gurnani kamar tsohuwar motar haya a kan tudu, yana huro iska mai zafi. Shi yana kiran wannan fitar da aiki, ni ina ce masa dahuwa. In dahuwa ta fara, ko ɓeran nan na hannu da ake juya kwamfuta da shi ya taɓa, komai sai ya sandare. Sai ya miƙe, ya sosa ƙeya, ya leƙa taga, ya sa takalmi ya sauka wurin Kyaftin. Can ya hawo ya duba layin, ya tarar ko rabi bai kai ba, ya yi tsaki ya koma. Wani lokaci akwatin ya shaƙe da zafi ya mutu a tsakiya, a koma farko. In mai aiki ya ce a canza kalma ɗaya tak, dahuwa ta koma ɗanya.

Masu aiki ba sa cin uzuri. Wata mai shagon tufafi ta janye, asibiti ya janye. Ana cikin aikin makarantar, ranar da ya kamata a kai, akwatin ya yi wani ƙara, ya saki warin ƙonanniyar roba, ya yi shiru na har abada. Auta ya shiga banɗaki ya buɗe famfo ya bar shi yana zuba. Ni na haife shi, na san kukansa ko da ruwa ya rufe shi.

Abin da shi da matarsa suka tara zai gina inji ɗaya ne, babu na biyu. Nan Kyaftin ya hawo sama da lemo a leda, ya gaishe ni har ƙasa, abin da bai saba ba. Shawararsa ita ce a gina injin wasa na gani na faɗa, a ajiye shi a shagonsa a kujerar gaba, manyan yara su riƙa biya suna hawa, Auta ya riƙa shirya musu gasa, a raba abin da aka samu. Babban wansa da aka gaya masa ta waya ya ce ai gara haka, ko banza an san inda ya dosa. Matarsa tana ta ninke kayan aikinta, ninkin da ba ya ƙarewa.

Muna cin abinci Auta ya ce, "Inna, na haƙura da bidiyon nan. Gaskiya kika faɗa ranar. Na duba, zamana a ƙasa ya fi zamana a sama. Mutum ya bi abin da ya fi yi."

Dubi yaron nan, ya ɗauki maganar faɗa ya rataya a wuya kamar laya. Sau nawa na ce wa ubansa ya fita kada ya dawo? Kullum yakan dawo ya ci abinci har ya nemi ƙari. Shi wannan an gaya masa magana ɗaya, zai jefar da abu guda da hannunsa ya iya, ya koma tsaron 'ya'yan mutane suna harbin iska.

Na ce, "Yaushe za a je sayen?"

"Gobe, ni da Kyaftin. Ƙwaƙwalwar za mu fara zaɓa, furosesa, ita ce ke yanke sauran."

"Da ni za a je."

"Inna, gwiwarki."

"Gwiwata ce ko taka? Tunda ƙwaƙwalwa ake sayarwa, bari in je in gani ko za a samu daidai kanka."

Layin masu kwamfuta matsattse ne, wayoyi sun yi saƙa a sama, kowane shago yana kiɗa nasa. Wanda muka shiga na wata mata ce mai matsakaitan shekaru, tabarau a rataye da igiya, ta soke sukundireba a gefen ɗankwali. Ta ba ni kujerarta, ta sa aka ajiye gawar tsohon akwatin da muka zo da ita a kan tebur, ta buɗe cikinsa ta duba abin da zai moru. Sannan ta ɗauko ƙananan kwalaye biyu ta ajiye. Abin da ake ta wannan surutu a kansa, wallahi bai kai tafin hannun jariri ba, ɗan ƙarfe ne mai kusurwa huɗu.

"Kafin in buɗe kwali," in ji ta, "me za a fi yi da injin?"

"Wasa," in ji Kyaftin.

"Kai ne mai shi?"

"Abokina ne."

"To bari mai shi ya faɗa."

Auta ya ce, yana kallon ƙasa, "Wasa."

Ta ce ai ta ɗauka mai bidiyo ne, don irin ma'ajiyar da ta gani a tsohon akwatin ba ta 'yan wasa ba ce. Ya ce da ne, yanzu wasan ya fi yawa a yininsa. Ta ɗaga kafaɗa ta tura masa kwalin hagu. Ba laifinta, abin da aka gaya mata ta bi.

Na buga sandata a ƙasa. "'Yata, dakata. Yi min bayani kamar wadda ba ta je makaranta ba, don ban je ba. Mene ne bambancinsu?"

Ta yi murmushi ta jawo benci. "Mama, a cikin kowanne akwai ƙananan ma'aikata. Wannan na wasa, nasa ba su da yawa, amma masu zafin nama ne, kuma kayan aikinsu yana kusa da hannunsu. Wasa haka yake so, yanzu-yanzu. Wannan kuma nasa sun ninka. In aikin mai rabuwa ne, kamar fitar da bidiyo, sai su yayyaga shi kowa ya kama gefe."

Ni da na yi rabin rayuwata ina girki a kantin abincin ma'aikata, wannan ba sabon karatu ba ne. Na ce, "Wato ƙwai da buhun albasa. Ƙwai ɗaya, ko mata goma ka tara ba zai soyu da wuri ba, hannu ɗaya mai sauri yake so. Buhun albasa kuwa, mai sauri ita kaɗai sai ta makance da hawaye kafin ta kai rabi."

"Haka ne, Mama. Amma kada in cuce ku, kowanne yana iya aikin ɗan'uwansa. Na wasan zai fitar da bidiyo, ya ma fi wannan marigayin nesa ba kusa ba, sai dai in aiki ya yi nauyi za a jira. Na aikin kuma zai yi wasa lafiya lau, mai gasa ne kaɗai zai ji bambanci. Inda gizo ke saƙa, na aikin yana cin wuta, yana zafi, sai an sa masa babbar fanka da ƙarin wurin shimfiɗa aiki. In aka yi haka, kuɗin da ya rage ba zai kai ga babban katin hoto, mai fito da wasa tangaran, irin wanda wannan bawan Allah yake so a shagonsa ba. Matsakaici za a samu."

"Kin ji ko, Mama?" in ji Kyaftin. "Matsakaici! Wa zai biya ya hau matsakaici?"

"Kai, rufe min baki, ana maganar manya. 'Yata, dahuwar da tsohon ke yini a kanta, wannan mai hannuwa da yawa fa?"

"Ya danganta da aikin. Ba zan yi rantsuwa ba, amma yini kam an gama da shi."

Na gyara zama. "To ku saurara, don ni ce mai gadin ƙofarsa. Yaron nan ƙarya ya gaya miki, kuma bai san ƙarya yake yi ba. Tun da gwiwa ta zaunar da ni, ban taɓa ganin ya sa takalmi ba sai layin nan ya fara rarrafe. In hannunsa yana kan aiki, abinci ma sai an yi masa tsawa. Wasan da yake lissafawa, zaman jiran tukunya ne. Mu ma a kantin, in mun ɗora wake, zama muke yi mu yi gulmar manaja har ya nuna. In da za a auna, gulmar ta fi girkin tsawo. Amma ba wanda ya taɓa cewa gulma ce sana'armu."

Mai shagon ta tuntsire da dariya har sukundireban ya faɗo. Auta bai yi dariya ba.

"Inna, ke fa kika ce..."

"Na ce. Gobe ma in na gan ka a can zan kuma, bakina ne. Kai ba ka da ido? Ran da wuta ta ɗauke a shagon wannan kana tsakiyar yaƙi, tsaki ɗaya ka yi ka hawo sama. Ran da akwatin nan ya mutu da aikin makaranta a cikinsa, me ka yi?"

Ya ɗago ya dube ni. Ban ƙarasa ba, ba a tona namiji a gaban abokinsa. Ni kuwa na san halinsa, in ya kafe ko jaki ya san da zamansa. Ya daɗe yana juya kwalin hagu a hannu. Can ya ajiye shi, ya ce wa matar, "In ina da zane mai motsi a kan bidiyo, hawa-hawa, ga sauti, wannan ɗin zai bar ni in duba ba tare da yana tsinkewa ba?"

Daga nan suka shiga yarensu. Ban fahimci ko kalma ba, amma na ji muryarsa ta canza, ta koma irin ta mutumin da ya san abin da yake tambaya. Har gardama ya yi da ita a kan fanka. Na jingina da bango.

"Mama, kin kashe min kasuwa," in ji Kyaftin.

"Kasuwarka ta yara ce, yara kuwa ba sa ƙarewa. Jeka nemo min ruwa mai sanyi."

A gabanmu ta haɗa shi. Ta ɗaga wani ɗan hannu, ta kwantar da ƙarfen a gurbinsa a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli, ta ɗiga masa wani toka-tokan man shafawa, ta ɗora fanka mai girman kan yaro.

Aikin makarantar ya tsira a ma'ajiyar tsohon, da shi ya fara. Ina kujerata ina kallo. Ya gyara abin da zai gyara, ya danna, layin ya fito. Ya miƙe kamar kullum, ya sosa ƙeya, ya leƙa taga, ya shiga ɗaki neman makulli, ya tsaya ya sha ruwa, ya zo bakin ƙofa ya zura ƙafa ɗaya a takalmi. Sai hucin akwatin ya lafa. Ya daskare.

"Innalillahi. Ya mutu."

Ya ruga ciki da takalmi ɗaya. Na ce, "Kai, yi magana mana, ka san ba na iya tashi!"

"Inna," ya ce, "ya gama."

"To cire takalmin, ka tattaka min tabarma."

Ba zan ce daga ranar komai ya zama zuma ba. Mai tufafi ba ta dawo ba, asibitin ma ya sami wani. Makarantar sai da ya je da ƙafarsa ya ba da haƙuri, aka bar shi a tsaye a baranda kamar ɗalibin da ya makara, sannan aka karɓa. Ɗakinsa ya ƙara zafi, in dahuwa ta kankama sai ka ce gidan burodi. Kyaftin ya yi fushi ya daina gaishe ni, har ya gaji ya dawo, don babu wanda ke gaya masa gaskiya kyauta sai ni. Ranar hutu Auta yakan sauka ya yi wasansa, an ce yanzu yara ne ke kashe shi tun kafin ya gyara zama.

Amma aiki ya fara fita a kan lokaci. In an ce a canza kalma, ya canza, ya aika kafin mai magana ya manta ya yi magana. Darasi ya bi darasi. Ashe makarantar reshe ce, uwarta tana wani gari, can suka ga aikin suka ce suna son mai shi a kusa da su, da ofis da kujera. Matarsa ta nemi canjin asibiti aka ba ta. Ta zo ta durƙusa a gabana tana kuka, wai za su bar ni. Na ce ta tashi, 'yata ta biyu da yaranta za su dawo nan, hayaniya ba za ta yi min ƙaranci ba. Ni da na yi ta roƙon Allah kada in mutu in bar shi a kujerar wani, yanzu zan yi kuka don ya sami tasa?

Tun da suka tafi matarsa ce ke kira. Shi kullum in ta miƙa masa waya sai in ji tana cewa, "Ya ce yana zuwa, hannunsa yana kan aiki." Ba na jira, nakan ce ta bar shi.

Ranar tafiyar na sa aka sauko da ni har bakin titi. An ɗaure katifa a saman mota, an cusa tukwane a but ɗin bayanta. Akwatin kuwa ya ƙi yarda a sa shi a baya, ya naɗe shi da bargo ya rungume a cinya a kujerar gaba, da kyar ake ganin gemunsa. Direba ya tayar da mota. Auta ya leƙo ta taga, idonsa ya yi ja, yana ta motsa baki yana neman abin da zai ce, na ga in na bar shi zai ba mu kunya a gaban mai aski.

Na ce, "Riƙe shi da hannu biyu, hanyar nan akwai ramuka. Kai in ka faɗo za ka warke."